Karan da Na Riƙe a Majami'a

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da kara a majami'armu. Karan dawa ne dogo, ya fi ni tsayi, an naɗe masa tsumma a baki don kada ya ji wa mutum ciwo. Idan fasto ya hau wa'azi, sai in tsaya can baya ta ɓangaren mata in zuba ido. Duk wadda na ga kanta ya fara rinjaya, in miƙa hannu daga inda nake in taɓa mata kafaɗa. Maza suna da nasu dattijon, amma shi a tsaye yake gyangyaɗi, don haka wani lokaci har ɓangarensu nake ƙetarawa. Yara da manya Mama Mai Kara suke ce mini, kuma ban taɓa hana su ba.

Dattawan ikilisiya sun san abin da suka gani da suka ba ni aikin. Ido gare ni. Waina nake soyawa a bakin tasha a nan Keffi tun ina goye da 'yata ta fari, wadda yanzu ita ce take rubuta wannan ina faɗa. Tandata rami goma sha biyu ce, kowane rami da lokacin juyinsa. Ga mai miƙo kwano, ga mai neman ƙarin yaji, ga direban da yake son ya ɗauki ɗaya da zafinta kafin in waiwayo. Ina ganinsu duka ba tare da na ɗaga kai ba.

Da rana in jiƙa shinkafa, da yamma in kai niƙa, in haɗa ƙullu in rufe. Kafin ladan ya kira assalatu na riga na hura wuta, saboda masu sammakon zuwa aiki Abuja. Ranar Lahadi ma ina soyawa har ƙarfe takwas, in je in watsa ruwa, in ɗaura zanen zumuntar matan majami'a, in tafi sujada. Can ma ba zama nake yi ba. In share, in jera benci, in cika randa, sannan in ɗauki karana.

Daga wani ƙauye kusa da Garaku aka kawo ni aure. Mijina mai bi ne, na bi shi, aka yi mini baftisma a rafi. Ban taɓa shiga aji ba, waƙoƙin sujada ma da ka na haddace su. Abin da na ɗauka game da Allah kuwa daga gonar babanmu na ɗauko shi. Baba yakan tsaya a kan kunya ta ƙarshe, hannu a baya, yana kallon wanda zai fara miƙe ƙugu. Haka na zaci Allah yake. Na ce to, ni dai ba zai kama ni a zaune ba. Da mijina ya rasu sai na ƙara ƙaimi.

Da a shekarun nan wani ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Mama, me fasto ya faɗa yau?" da na ji kunya. Na san wadda ta makara, na san wadda take taunar cingam, na san wadda ta sa hannu a kwanon baiko, wanda ake zuba kuɗin sadaka, ta fitar da shi yadda ta sa. Wa'azi kam ta bisa kaina yake wucewa. Ni da ba na karatu, kunne kaɗai gare ni in karɓi Maganar Allah, shi ma na ba ido aronsa.

Wata damina sai ga wata baƙuwa ta fara zuwa. Ba za ta wuce shekara talatin ba, siririya, ɗankwali ɗaya kullum. Abin da na fara lura da shi hannuwanta ne. Sun yi fari fat sun tattare, irin na mai wankau. Takan zauna a bencin ƙarshe jikin taga. Tana waƙa da kowa, tana tafi da kowa, amma da zarar an buɗe karatu an yi shiru, sai kanta ya tafi. Kuma ba irin gyangyaɗin nan na kunya ba, wanda mace take yi tana farkawa tana gyara zama. Barci take yi sosai, baki a buɗe.

Lahadi ta farko na taɓa ta. Ta biyu na taɓa ta sau uku. Ta uku na tare ta bayan an tashi.

"Ke, gidanku babu tabarma ne?"

"Akwai, Mama."

"To nan ɗakin Allah ne."

"Ki yi haƙuri, Mama," ta ce, kanta a ƙasa.

Lahadi ta huɗu tsumman bakin karan ya kwance tun ina shara, na ce zan ɗaure, ban samu zama ba. Fasto ya fara, ita ma ta fara. Raina ya ɓaci. Na miƙa kara, ban nemi kafaɗa ba, na zungure ta a wuya da tsinin. Ta zabura ta miƙe tsaye, ɗankwalin ya faɗi, ta ɗaga murya cikin shirun nan ta ce, "Ina zuwa, Baban yara, kar ka motsa, ina zuwa!"

Majami'a ta fashe da dariya. Har mawaƙa. Fasto ya yi tari ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta tsaya tana kallon mutane kamar ba ta san inda take ba, sannan ta duƙa ta ɗauki ɗankwalinta, ta fita. Ba gudu ta yi ba. A hankali ta bi ta gabana, ta ce, "Sannu, Mama."

Lahadi uku ba ta zo ba. Na ce wa kaina wadda ta zo barci ai ba a yi rashi ba. Amma idona ya ƙi barin bencin nan na jikin taga. Har wata ta yi minshari a gabana ban gani ba.

Ina da ƙawa Bafillatana mai tallan nono, tsarata ce. Ta fi shekara ashirin tana sauke ƙwaryarta kusa da tandata idan rana ta take. In an kira azahar ta bar mini ƙwaryar, ta je bayan shago ta yi sallarta, ta dawo ta tarar ko ƙuda bai sauka ba. Ita ce ta ga na ƙona waina biyu a jere.

"Mai waina, yau kuma idon ne ya tsufa?"

"Ya fi naki."

"To me ya faru? Ke fa ko a ranar da haƙorinki ya kumbura ba ki ƙona ba."

Na ba ta labari, ina ba ta ina gyara shi yadda zan fito da gaskiya. Ta bar ni na gama. Ta ce, "Siririya, mai fararen hannuwa? Wadda take wanke wa 'yan makaranta kaya?"

"Kin san ta?"

"Ina kai mata nono, tana dama wa mijinta. Hanyar Garaku suke, gidan haya mai jan ƙofa bayan masu facin taya. Magini ne. Daga saman gini ya faɗo a Mararaba, bayansa ya taɓu. Yana kwance shekara biyu ke nan, sai an juya shi."

Ta ɗauki ludayinta tana gogewa.

"Ke da kike tsaron mutane a ɗakin ibadarku," ta ce, "yaushe kike yin taki ibadar? Ni dai kin ga ina ajiye ƙwarya."

"Ki ji da nononki."

"Ina ji da shi. Ga ta uku can tana ƙonewa."

Washegari na kashe wuta ƙarfe goma sha ɗaya da sauran ƙullu a roba, abin da ban taɓa yi ba. Na zuba waina a kwano, na ɗora miyar taushe, na hau babur. A hanya ina ta shirya abin da zan faɗa, duk wanda na shirya sai ya fito kamar faɗa.

Na same ta a tsakar gida gaban baho uku, kumfa har gwiwar hannu. Da ta gan ni ta miƙe tana goge hannu a zane, ta rusuna.

"Sannu da zuwa, Mama. Zan dawo sujada, wanki ne ya yi mini yawa."

"Ban tambaye ki ba. Ina mai gidan?"

Ɗaki ɗaya ne. Gado a gefe, tabarma a ƙasa, kayan yara a rataye, su suna makaranta. Ɗakin fes, ko ɗan warin jinya babu, kuma na san abin da hakan yake ci. Mutumin yana kwance ta gefen hagu, an tokare masa baya da matashi. Ƙato ne a dā, kana gani a kafaɗunsa. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya yi murmushi.

"Mama Mai Kara ce da kanta? Kin zo da shi? Ki ɗan taɓa ni mana, ko Allah ya sa in tashi."

"Baban yara," in ji matar, tana harararsa.

"To me na ce? An ce ba ya kuskure."

Na ajiye kwano. Na tambayi jiki, ya ce da godiya. Na tambaye shi wa yake kula da shi in ta tafi sujada, ya ce telan da ke ɗakin gaba yakan shigo ƙarfe goma ya juya shi, su ɗan taɓa hirar ƙwallo. Sauran kwana shida kuwa ita ce, dare da rana, duk bayan awa biyu, don kada fatarsa ta ɓare.

Ta tsaya jikin ƙofa tana murza yatsu. Can ta ce, "Mama, ba ƙin Maganar Allah nake yi ba. Ina shiga da niyyar ji. Amma da na zauna aka fara karatu, sai in ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Can ne kaɗai ba mai kirana."

Na dubi idanunta da kyau a karon farko. Ni mai ido, wata guda ina kallon ƙeyarta.

"Kwanta," na ce.

"Mama, wankin nan yau za a karɓa."

"Na ce ki kwanta."

Ba a saba yi mini musu ba, ita ma ba ta yi ba. Ta kwanta a tabarma da jiƙaƙƙen zanenta, ta juya wa bango fuska. Ni kuwa na tattare hannun riga na nufi ƙofa, don na riga na ƙirga bahon nan uku, na san kafin la'asar na shanya su.

"Mama," mijin ya kira ni ƙasa-ƙasa. "In ta ji motsin ruwa za ta tashi. Ba za ta iya kwanciya kina yi mata wanki ba. In kina son ta yi barci, ki zauna kawai."

"In zauna in yi me?"

"Ba komai. Ni shekara biyu ke nan ina yi, ban mutu ba."

Na jawo 'yar kujera na zauna.

Ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba. Hannuwana suka rasa inda za su sa kansu. Na ɗora su a cinya, suka koma gyaran bakin zane. Na hango yanar gizo a kusurwa, na hango maɓallin rigar yaro yana lilo, kowanne yana kirana. Ƙafafuna da suka saba tsayuwa suka fara zugi, sai a ranar na san ashe kullum suna ciwo. Daga ɗakin gaba keken tela yana ta tafiya. Kaza ta leƙo ta koma. Numfashin yarinyar ya yi tsawo, ya yi nauyi, yatsunta suka saki.

Na ce bari in yi addu'a tunda ga ni a zaune. Sai na tarar duk addu'o'ina na tafiya ne, irin waɗanda ake yi ana ɗaura ɗankwali: ka ba mu, ka tsare mu, ka sa albarka. Na faɗe su suka ƙare nan da nan, ga lokaci tuli a gaba. Na yi shiru. Ina jiran in ji idon nan na kan kunya a bayana, mai tambayar me nake yi a zaune da rana tsaka. Na jira, na jira. Ban ji shi ba.

"Kin san Ubangiji Yesu ma ya taɓa yin barci a cikin jirgin ruwa," mutumin ya ce da raɗa. "Ana iska ana komai. Waɗanda suka tashe shi su suka sha faɗa."

"Wa'azi za ka yi mini?"

"Wane ni. Lokacin juyi ne ya yi."

Ya nuna mini yadda ake yi: a cire matashi, a naɗe masa hannu a ƙirji, a sa hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu. Na kama na juya.

"A hankali, Mama, ni ba waina ba ne."

Na danne dariya da bakin zane don kada ta farka. Ba ta farka ba sai da aka kira la'asar. Ta tashi a firgice tana neman agogo, ta ga mijin yana kwance ta dama, ta dube ni. Muka wanke kayan tare, ita tana saɓawa ina ɗauraya. Da zan tafi ta rako ni bakin ƙofa.

"Ranar Lahadi fa?" na ce.

"Mama, ba zan iya ba. Jiya a kasuwa wasu 'yan mata suka gan ni, ɗaya ta ce ina zuwa Baban yara, suka kwashe da dariya. Zan riƙa yin addu'ata a gida."

"A gida ana kiranki."

Ta waiwaya ta dubi ƙofar ɗakin.

"Zan biyo miki ranar Lahadi," na ce, na tafi.

Ranar Asabar ban jiƙa shinkafa ba. Ranar Lahadi na farka a lokacin da na saba, na kwanta ina jin motoci suna wucewa, jikina yana ta ce mini na makara. Daga baya aka gaya mini direbobi sun yi ta zagaya murhuna, har wani ya je gida tambaya ko na rasu. Na je majami'a da wuri, na ɗauki karan na kai wa dattijon maza, na ce ya nemi wata. Ya ce me ya faru, na ce ƙafa. Ban yi ƙarya ba.

Daga can na wuce gidan yarinyar, na same ta ba ta shirya ba. Na tsaya a tsakar gida na ce ba inda za ni. Daga ɗaki mijin ya ce, "Ki tafi mana, kin san ba za ta gaji da tsayuwa ba." Ta ɗaura ɗankwali ta fito.

A ƙasa muka tafi. Sai da muka wuce masu faci, ina kallon kwalta, na ce, "Abin da na yi miki ban kyauta ba. Ki yafe mini, 'yata." Maganar ta fito da ƙyar, kamar ƙullun da bai tashi ba. Ta ce, "Ba komai, Mama," muka ci gaba da tafiya.

Muka shiga ana waƙar farko. Kawuna suka juyo. Wasu 'yan mata biyu suka fara taɓa juna, na dube su sau ɗaya, suka koma kallon gaba. Na kai ta bencinta na jikin taga, na zauna kusa da ita. Bencin da na yi shekaru ina gogewa, ashe yana da ƙusa a gefe.

Ta yi ƙoƙari, na gani. Ta buɗe ido da ƙarfi, ta mintsini hannunta. Na ce mata a kunne, "Bar shi ya zo." Kafin a gama karatu kanta ya sauko a kafaɗata ta hagu, da nauyinsa duka. Na kasa motsi. Ba halin in waiwaya in ga wa ya makara, ba halin in leƙa randa. Abin da ya rage mini kunne ne.

Fasto ya ba da labarin almajiran Yesu, masunta, da suka kwana suna jefa taru ba su kama ko ɗaya ba. Gari ya waye, sun gaji, sun jiƙe, suka nufo gaɓa. Suka tarar Shi ya riga su. Ya hura wuta, garwashi ya yi ja, ya ɗora kifi da gurasa, ya ce su zo su karya. Bai fara da tambayarsu aikin da suka yi ba, sai da suka ci.

Na san wannan wutar. Na san yadda ake tsugunawa a hura ta da sanyin safiya, hayaƙi yana shiga ido, don waɗansu su zo su tarar da abu mai zafi. Shekara talatin da wani abu ina yi wa mutane, ban taɓa tunanin akwai mai yi mini ba. An ce labarin nan ana karanta shi duk shekara bayan bikin Ista. Sau goma sha ɗaya ke nan ya wuce ni ina tsaye a baya. Hawaye ya zubo mini, hannun da zan share da shi kuwa yana ƙarƙashin yarinya, sai na bar shi ya sauka.

Ba ta farka ba har aka yi addu'ar rufewa, mutane suka fara jan benci. Ta ɗaga kai, ta dubi kafaɗata, ta rufe baki da hannu.

"Mama, na ɓata miki riga da miyau."

"Na gani."

"Me aka yi wa'azi a kai?"

"Zan faɗa miki a hanya, har da mai gidan in mun isa." Na miƙe ina murza hannuna da ya mutu. "Mako mai zuwa ta dama za ki zauna. Wannan kafaɗar ta tsufa."

"To, Mama," ta ce.